Tallan Sari: Abin da Ke Sa Ɗan Kasuwa Ya Yarda da Tallan Ɗan'uwansa

Talla ya kasu gida biyu idan aka dubi wanda ake nufi da shi. Akwai tallan da ake yi wa mai amfanin ƙarshe, wato mutumin da zai sayi sabulu ya yi wanka ko ya sayi ƙosai ya karya kumallo, akwai kuma tallan da ɗan kasuwa ko kamfani yake yi wa wani ɗan kasuwa ko wata ma'aikata, inda mai sayen ba don kansa yake saye ba, sai don ya sake sayarwa, ko ya sarrafa kayan su koma wani abu dabam, ko kuwa ya gudanar da sana'arsa da su. Kashi na biyun nan shi ne batun wannan lacca, kuma domin taƙaitawa za a riƙa kiransa tallan sari, ko da yake ya ƙunshi tallan injin niƙa da na aikin ɗab'i da makamantansu, waɗanda ba a sarinsu a bandir ko a buhu. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa ƙarfin irin wannan talla yana fitowa ne daga yadda ya rage wa mai saye fargabar asara da fargabar jin kunya a gaban waɗanda za su tuhume shi, kuma Birnin Zazzau ya daɗe da sanin yadda ake rage wannan fargaba, tun kafin a buga jarida ko a kafa gidan rediyo a ƙasar Hausa.

Dalilin fargabar a fili yake. Matar da ta sayi sabulu ta ga bai yi kumfa ba ta yi asarar 'yan kuɗi kaɗan, gobe ta sauya wani, magana ta ƙare. Amma telan da ya saro shadda bandir goma a Kantin Kwari da ke Kano, ya kawo ta cikin birni, ya rarraba wa masu zane da masu ɗinkin hannu, aka shafe watanni ana yi mata aska takwas, sannan a wankin farko ta zuba ko ta koɗe, ya rasa jarinsa da ladan ma'aikatansa, ya kuma rasa dillalin da ya saba karɓar rigunansa zuwa Legas ko Yamai. Masana tattalin arziki suna kiran buƙatar irin wannan mai saye buƙata mai dogaro, ma'ana ba daga ransa ta taso ba, ta rataya ne a kan buƙatar wasu mutanen da ke gabansa a jerin ciniki, saboda haka tallan da ya tsaya a yabon kyawun kaya bai sosa masa inda yake yi masa ƙaiƙayi ba. Abin da yake son ji shi ne ko kayan za su fita da wuri, da nawa zai samu a kan kowane yadi, da ko za a ɗaga masa biya zuwa bayan Sallah, da ko bandir na biyu zai zo daidai da na farko, da kuma wanda zai kama idan abu ya ɓaci.

Tambaya ta ƙarshen nan ita ce ta haifi dillanci. Zazzau tana kan hanyar fataken da suke tashi daga Kano su nufi ƙasar Nufe, wasu su zarce har Gwanja inda ake ɗauko goro, kuma baƙon da ya sauke kaya a garin da bai san kowa ba yana da matsala iri ɗaya da ta kowane kamfanin da ke neman shiga sabuwar kasuwa a yau, wato babu wanda ya san shi balle ya yarda da shi. Maganin da aka samo shi ne fatoma ko maigida, wanda yake saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali. Shi kuma dillali ya ɗauki samfur ya kai wa waɗanda ya san suna da buƙata kuma suna da halin biya, ya faɗi asalin kaya da aibinsu gwargwadon abin da zai tsare masa mutunci, ya ji tayi ya mayar wa mai kaya har a kai ga sallamawa, sannan ya karɓi la'adarsa. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya bayyana matsayin dillalai a kasuwannin lardin, Abner Cohen kuma, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda ake ba mahautan Yarbawa shanun Arewa bashi ba tare da wata takarda ba, saboda masu gidajen baƙi suna tsaya wa cinikin, dillalansu kuma suna bin diddigin kowane mahauci, sun san mai biya da mai taurin bashi.

Idan aka rarrabe aikin dillali za a ga ya haɗa sanar da cewa kaya sun iso, da zaɓen wanda ya dace a sanar, da kuma lamuni, wato ɗaukar alhakin abin da aka faɗa. Tallan zamani ya gaji aiki na farko cikin sauƙi har ya zarce dillali nesa ba kusa ba, domin sanarwa ɗaya ta rediyo tana isa Gusau da Maraɗi a lokaci guda. Ya gaji na biyu da ƙyar. Na uku kuwa kusan bai gaje shi ba sam, saboda dillali a garin yake kwana, ranar Juma'a za a gan shi a masallacin fada, alhali allon talla ba shi da fuskar da za ta ji kunya. Kusan duk abin da ya bambanta tallan sari mai amfani da marar amfani yana komawa ga wannan giɓi, da kuma dabarun da mai talla yake bi don ya aro lamunin da takarda ba ta da shi.

Giɓin ya fara bayyana ne da zuwan jirgin ƙasa, wanda layinsa ya ratsa ta Zariya zuwa Kano a 1911, aka kafa tasha da kantunan Turawa a wajen ganuwa, ta ɓangaren Sabon Gari, Ƙungiyar Noman Auduga ta Birtaniya, wadda aka kafa a Manchester a 1902, ita ma ta gina injin gurzar auduga a Zariya. Kamfanoni irin su John Holt da waɗanda suka haɗu suka zama UAC a 1929 ba su iya tsallake tsohon tsari ba, sai da suka nemi 'yan ƙasa masu suna su saya musu kuma su sayar musu, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne Alhassan Ɗantata na Kano a cinikin gyaɗa. A wannan zamani ne sana'ar talla ta zamani ta kafu a Nijeriya, da kamfanin West African Publicity na 1928 wanda daga baya ya zama Lintas, sai kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa daga Zariya a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana editanta, kafin a kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945. Daga nan ya yiwu ɗan kasuwa ya san sunan kamfanin da bai taɓa ganin ko mutum ɗaya daga cikinsa ba, kuma tambayar da ta biyo baya ita ce amfanin da sanin sunan kaɗai yake da shi.

Amsar da ta fi shahara ta fito ne daga Amurka a 1958, lokacin da kamfanin McGraw-Hill, mai buga mujallun masana'antu, ya fitar da tallan wani dattijo mai ɗaure fuska zaune a kujera, yana shaida wa wakilin da ya zo masa da haja cewa bai san shi ba, bai san kamfaninsa ko kayansa ko mutuncinsa ba, sannan ya tambaye shi abin da ya zo sayarwa. Kamfanin neman masu talla a mujallunsa yake yi, don haka ba shaida ce ta ɗan ba-ruwana ba, amma Theodore Levitt na Jami'ar Harvard ya gwada batun a 1965, ya samu cewa wakilin kamfanin da aka sani ya fi samun a saurare shi da kyau a zaman farko. A harshen birni, talla yana kai wakili zaure ne kawai, ya sa a shimfiɗa masa tabarma, cinikin kansa kuwa sai an zauna an duba samfur an yi lissafi. Mai tallan da yake jiran allo ko sanarwar rediyo ta kawo masa odar tirela guda ya ɗora wa talla aikin da ba nasa ba, kuma yawanci irinsa ne yake dainawa bayan wata biyu yana cewa talla ɓarnar kuɗi ne.

Abu na gaba shi ne sanin wanda ake yi wa magana, domin a cinikin sari da wuya a samu mutum ɗaya ne yake yanke shawara. A 1972 Frederick Webster da Yoram Wind suka kira wannan taron masu saye, suna nufin duk mutanen da suke da hannu a sayen abu a ma'aikata, daga mai amfani da shi da mai ba da shawara zuwa mai sa hannu da mai biya, har da mai tsaron ƙofa, wato sakatare ko magatakarda ko yaron shago wanda yake iya hana saƙo isa ga maigida. Cinikin littafi, wanda Zariya ta yi fice a kansa tun daga Hukumar Talifi da NORLA har zuwa kamfanin buga littattafai na NNPC da aka kafa a 1966, misali ne mai haske. Ɗalibi ne yake karanta littafin, uba ne yake biya, malami ne yake cewa a saya, hukumar jarrabawa ko ma'aikatar ilimi ce take sanya shi a manhaja, mai kantin littattafai kuma shi ne yake ɗaure kuɗinsa a kansa tun kafin a koma makaranta. Saƙon da zai gamsar da malami, wato kyauta ta kwafi guda ya duba ya ga ya dace da darasinsa, ba zai motsa mai kanti ba, wanda yake son sanin ragin da za a yi masa da ko za a karɓi abin da ya yi kwantai. Haka abin yake a gidan sana'a na gargajiya, inda maigida yake riƙe da kuɗi amma babban yaronsa ne yake zuwa Kano sari, kuma sau da yawa ra'ayin yaron ne yake tabbata ba tare da kowa ya lura ba.

Sai batun lokaci, wanda a nan ne masu talla suka fi yin kuskure. John Dawes na Cibiyar Ehrenberg-Bass da ke Ostireliya ya yi wani lissafi a 2021 wanda ya yaɗu ƙwarai, cewa idan kamfanoni suna sauya abokin hulɗa irin banki kusan sau ɗaya a shekara biyar, to kashi 20 cikin 100 ne kawai suke neman sabo a shekara guda, a cikin wata uku kuwa kashi 5 ne, ragowar kashi 95 ba sa cikin kasuwa ko da an yi musu tallan da ya fi kowane kyau. Ma'anar wannan ita ce mafi yawan waɗanda suka ji talla yau sai baɗi ko baɗin baɗaɗa za su buƙaci kayan, kuma aikin tallan shi ne ya bar suna a ƙwaƙwalwarsu haɗe da irin halin da zai sa su tuna shi, kamar ranar da inji ya tsaya ko ranar da tsohon dila ya saɓa alkawari. Les Binet da Peter Field, a wani nazari na 2019, sun ba da shawarar a raba kuɗin tallan sari kusan biyu, kashi 46 a kan gina suna na dogon lokaci da kashi 54 a kan neman ciniki na nan take. Alƙaluman sun fito ne daga tallace-tallacen manyan kamfanoni na Ingila da makamantanta, bai kamata a ɗauke su a matsayin ma'aunin Kasuwar Zariya ba, sai dai tushen maganar ya dace da abin da aka sani a nan, inda kasuwa take bin damina da Sallah. Mai kantin kayan noma a Giwa ko Soba yana yanke shawarar irin da zai sara tun kafin ruwan farko ya sauka, abin da ya gani a gonaki da kakar bara kuma shi ne yake jagorantarsa, saboda haka kamfanin da ya fara talla bayan an yi shuka ya makara da shekara guda.

Cinikin irin shuka ya cancanci a daɗe a kansa, saboda shi ne ya fi nuna yadda ake aro lamuni. Iri haja ce da ba a gane ingancinta da ido, ƙwayar masarar da aka inganta da wadda aka ɗebo daga rumbu aka shafa wa jan magani kamarsu ɗaya a tafin hannu, sai bayan wata uku ko huɗu gaskiya take fitowa, lokacin da gyara ya wuce, kuma manomin da aka cuta ba kamfani yake zuwa wa ba, mai kantin garinsu yake tsarewa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya koma 1922 kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, ita ce take fitar da ire-iren da sunayensu suke farawa da SAM, kamar masarar SAMMAZ da waken SAMPEA da gyaɗar SAMNUT, kamfanoni irin su Premier Seed da ke Zariya kuma su yawaita iri su sayar wa diloli da hukumomin raya aikin gona. Idan kamfani ya ambaci sunan irin da cibiyar da ta fitar da shi, ya aro mutuncin Samaru. Idan ya nuna tambarin Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, wadda a shekarun baya-bayan nan ta ƙara da lambar da ake kankarewa a tura ta waya don tantancewa, ya aro ikon hukuma. Idan kuwa ya buɗe gonar gwaji a bakin hanya, irin wadda shirin Sasakawa ya yaɗa a jihohin Kaduna da Kano tun daga 1992, ya gayyaci diloli ranar girbi a auna buhu a gabansu, to ya aro shaidar idonsu, kuma gani ya kori ji. A ra'ayin wannan lacca kuɗin da aka kashe a gonar gwaji guda sun fi waɗanda aka kashe a alluna goma, allon kuma yana samun amfaninsa ne idan ya faɗi inda gonar take da ranar da za a taru.

Daga nan ne kuma ake gane dalilin da ya sa lamba ta fi siffa ƙarfi a tallan sari. Kalmomi irin su nagari da na ɗaya da babu kamarsa kowa yana faɗarsu, ba a kuma iya kama kowa da su, amma mai sayar wa kamfanin abincin kaji masara wanda ya rubuta cewa danshinta bai wuce kashi 13 cikin 100 ba, ya faɗi nauyin buhu da yawan tan ɗin da zai iya kaiwa a mako, ya ba mai saye abin da zai auna ya ƙaryata shi da shi, kuma yarda da a ƙaryata mutum ita kanta wani nau'i ce na lamuni. Haka nan ambaton abokan cinikin da aka daɗe tare da su, da izininsu, da adireshin shago na gaskiya, da sharaɗin mayar da kaya.

Akwai wata dabara da take tsallake mai sari ta je ga wanda ke gabansa. Kamfanin Intel na Amurka ba ya sayar wa jama'a kwamfuta, masu haɗa kwamfuta yake sayar wa ƙwaƙwalwarta, amma daga 1991 ya riƙa tallata sunansa ga jama'a har mai saye ya fara tambayar abin da ke cikin na'urar. Teloli da masu ɗinkin birni sun san irin wannan a shaddar Getzner, wadda ake saƙawa a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, domin mai riga ne yake ambaton sunanta, tela kuma dole ya nemo ta ko ya rasa aiki. Dabarar tana da tsada, tana kuma jawo jabu, saboda duk sunan da ya yi daraja sai an buga shi a gefen yadin da ba nasa ba. Abin da ya fi dacewa da masu sana'ar birni shi ne su lura cewa ɗinkin Zariya shi kansa suna ne da masu saye suke nema, amma rigar da ta bi ta hannun mai zane da mai ɗinki da mabugi takan isa kantin Abuja ba tare da wata alama da ke nuna gidan da ta fito ba, don haka darajar sunan tana tafiya ga mai kanti.

Maganar kafar da za a yi talla a cikinta ba ta buƙatar tsawaitawa, domin ƙa'idarta ita ce a je inda masu saye suke taruwa a matsayinsu na masu saye. Kasuwar baje koli ta Kaduna, da taron ƙungiyar masu sana'a, da kalandar da za ta shekara a bangon shago, da shirin noma na rediyo, duk sun fi allon babban titi wanda dubban masu wucewa ba su da alaƙa da hajarsa. Tun zuwan wayar salula a 2001, musamman bayan yaɗuwar WhatsApp, ciniki mai yawa ya koma hoto da saƙon murya, wanda ya dace da mutanen da suka fi sakewa da magana a kan rubutun boko, amma wayar ta sauƙaƙa sanarwa ne kawai, ta kuma sauƙaƙa damfara, shi ya sa har yanzu baƙon da ya ga kaya a Facebook yake neman wani ɗan gari ya je ya gano masa shagon kafin ya tura kuɗi.

Shari'a ma tana da nata lamunin. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malaman birni, ta hana algus da ɓoye aibi da cakuɗa mai kyau da marar kyau, fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye damar mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsu, an kuma hana najashi, wato mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba sai don ya ruɗi wani, abin da shaidar ƙarya ta abokan ciniki na bogi take kama da shi ƙwarai. A ɓangaren gwamnati, hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta maye gurbin APCON ta 1988 da ita, ita ce take tantance tallace-tallace kafin a fitar da su, ko da yake hannunta bai cika kaiwa ga saƙon da ke yawo a wayoyin 'yan kasuwa ba.

Auna sakamako shi ne ɓangare mafi wuya, saboda tazarar da ke tsakanin jin talla da yin oda. Ɗan kasuwar da ya riƙa tambayar kowane sabon mai sari yadda aka yi ya san shi, yana rubutawa a littafin shago, zai ga mafi yawansu suna ambaton mutum ne, wane ya turo su, kuma wannan amsa tana rage wa talla haƙƙinsa, domin shi wanen da ya turo su wataƙila a kalanda ko a rediyo ya fara jin sunan. Alamomin da suka fi aminci suna bayyana ne bayan damina biyu ko uku, kamar yawan dilolin da suke kira da kansu ba tare da an je musu ba, da raguwar zirga-zirgar da wakili yake yi kafin a ba shi odar farko, da kuma yawan waɗanda suka yarda su biya rabin kuɗi kafin a loda musu kaya.